Neman Maɓoyar Cuta: Daga Sakiyar Wanzami a Ƙasar Dandi zuwa Sinadarin Bin Sawu

Gano cuta sana'a ce mai tambaya biyu: mene ne ke damun majiyyaci, kuma a ina abin ya ɓuya a jikinsa. Cututtukan da ƙwayoyin bakteriya ke kawowa, irin su sanƙarau, tarin fuka, taifot, kuturta da ruɓewar ƙashi, sun daɗe suna wahalar da masu wannan sana'a. Ƙwayar ba ta ganuwa da ido, alamunta kuma, wato zazzaɓi da kumburi da raɗaɗi, ba su da bambanci da na wasu cututtukan da babu ruwansu da ita. A ƙasar Dandi, inda Kamba take, da sauran ƙasar Hausa, sana'ar ta bi matakai uku, ana kuma jiran na huɗu: hannu da idon masu maganin gargajiya, madubin ɗakin awo, hoton ƙashi, sai sinadaran bin sawu da ake gwajinsu yanzu a jami'o'in duniya. Kowane mataki daga ukun farko yakan amsa tambaya ɗaya ya bar ɗaya, na huɗun ne ake so ya haɗa biyun.

Ƙasar da masu maganinta

Kamba ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi a Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga Sakkwato a 1991. Garin yana bakin iyakar Nijar a kan hanyar Gaya, daga Gaya kuwa gada ce kawai a kan Kogin Kwara ta raba matafiyi da Malanbil ta Jamhuriyar Benin. Kudu da Dandi akwai Bagudo, mai garuruwa irin su Illo, Lolo da Tsamiya da ke fuskantar Benin. Dandawa, Kyangawa, Zabarmawa, Hausawa da Fulani sun cuɗanya a wannan ƙasa tun kafin yarjeniyoyin Ingila da Faransa, tsakanin 1898 da 1906, su raba ta gida uku. Rabon bai hana cin kasuwa da auratayya ba, haka kuma bai hana annoba da masu neman magani ƙetare iyaka ba.

Kafin zuwan asibiti, aikin lafiya a rarrabe yake tsakanin masu sana'a, kowa da gadonsa. Wanzami ke yin ƙaho da kaciya da cire beli. Maɗori ke ɗaure karaya da targaɗe. Ungozoma na kan haihuwa, boka da 'yar mai ganye na kan sassaƙe da saiwa, malami na kan rubutu da addu'a. Maƙera aka sani da maganin ƙuna, sarkawan bakin kogi kuma da cire ƙayar kifi da cututtukan da ake dangantawa da ruwa. Ana sa wa cuta suna ne daga abin da ido ya gani. Sanƙarau daga sanƙarewar wuya ya samo sunansa, gyambo miki ne da ya ƙi warkewa, maruru ƙurji ne mai tara mugunya. Dalili kuma akan nemo shi a zafi ko sanyi, a abinci, a iska ko a sammu.

Inda wannan ilmi ya fi kusantar tambayar "ina" shi ne sakiya. Idan wuri ya kumbura, wanzami ko maƙeri ba ya gaggawar taɓa shi da ƙarfe. Yakan duba jan wurin da sheƙin fatar, ya ji zafinsa da bayan hannu, sannan ya danna da yatsu biyu ya ji ko ya yi ruwa. In da sauran tauri sai ya ce bai nuna ba, a dawo bayan kwana biyu ko uku. In ya nuna, sai a sa tsinken ƙarfe a wuta har ya yi jawur, a huda, mugunya ta fita. Alamun da yake dubawa su ne huɗun da Celsus, marubucin Rum na ƙarni na farko, ya lissafa: ja, zafi, kumburi da ciwo. Dannawar yatsu biyun ma har yau ana koya wa ɗaliban likitanci. Iyakar dabarar ita ce zurfin da yatsa ke kaiwa. Mugunyar da ta taru cikin ɓargo, ko hanta, ko ƙashin baya, ta fi ƙarfin hannu.

Akwai kuma ilmin littafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda yammacin Daular Usmaniyya ke ƙarƙashin kulawarsa daga Gwandu har rasuwarsa a 1829, ya yi rubutu kan lafiyar jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar risaloli da dama kan magani, har da na ciwon ido. Da Hugh Clapperton ya je Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likitan da zai zauna a garin. A lokacin likitocin Turai ma ba su san cewa wata ƙaramar halitta ce ke kawo mugunya ba, su ma da ido da hannu suke aiki.

Madubi da rini

Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na Holan, shi ya fara hango bakteriya da madubin da ya ƙera da kansa a shekarun 1670. An ɗauki kusan shekara 200 kafin a danganta su da cuta. Gerhard Hansen na Norwe ya ga ƙwayar kuturta a 1873. Robert Koch na Jamus ya bayyana ta tarin fuka ran 24 ga Maris, 1882. A 1884 Hans Christian Gram ya fito da rinin da ke raba bakteriya gida biyu, masu kama shuɗi mai duhu da masu kama ja. Anton Weichselbaum ya ware ƙwayar sanƙarau a Biyana a 1887, a 1891 kuma Heinrich Quincke ya nuna yadda ake ɗiban ruwan ƙashin baya da allura. Cikin ƙasa da shekara ashirin tambayar "mene ne" ta sami amsa: a ɗebi majina ko mugunya ko ruwan baya, a shafa a gilashi, a rina, a duba. Ƙwayar tarin fuka takan fito kamar jajayen sanduna, ta sanƙarau kuma bibbiyu kamar ƙwayar wake da aka ɓare.

Wannan ilmi ya iso Arewa tare da mulkin mallaka bayan cin Sakkwato a 1903, amma da farko barikin soja da unguwar Turawa ya tsaya. Sannu a hankali En'e ta buɗe ɗakunan shan magani a gundumomi, inda malamin asibiti ke wanke gyambo yana ba da magani bisa alamu, duba-gari kuma na zagaya gidaje. Mishan ta CMS ta kafa asibiti a Wusasa, inda Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, ya taso. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da zangunan kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano, inda ake tsaga fata kaɗan a rina a nemi ƙwayar kuturta. A Birnin Kebbi an buɗe asibitin da ake kira da sunan Sarkin Gwandu Yahaya a farkon shekarun 1950. A ɓangaren Faransa kuwa tsarin ayari aka bi: likitocin soja da ma'aikatansu suna bin ƙauyuka da madubi a akwati, suna tara jama'a a dandali suna awo.

Sanƙarau ce cutar da ta fi nuna ƙimar ɗakin awo a wannan yanki. An fara rubuta annobarta a Arewacin Najeriya a 1905, a Zungeru da Yola, a farkon shekarun 1920 kuma ta kashe dubun-dubatar mutane a Lardin Sakkwato, wanda Gwandu da Argungu ke cikinsa. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana zirin ƙasashen da cutar ke kewayowa a cikinsu duk bazara, Kamba da Gaya kuma suna cikin wannan zirin. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu sun inganta gwaje-gwajen da ke gano rigar sukarin da ƙwayar ke lulluɓe da ita a cikin ruwan baya, ba tare da jiran a rene ta ba. A nan Zariya ne kuma Dokta Sadiq Wali da abokansa suka wallafa a 1979 cewa allura ɗaya ta kuloramfenikol mai mai tana maganin cutar, abin da ya zama madogara a lokutan annoba. Duk da haka annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000.

Ƙwayar sanƙarau dangi-dangi ce, kuma kowane dangi da allurar rigakafinsa. Bayan da allurar MenAfriVac ta 2010 ta karya lagon rukunin A, sai wani sabon nau'i na rukunin C ya ɓulla a Sakkwato a 2013, ya shiga Kebbi, ya ƙetara Nijar, inda aka lissafa kimanin mutum 8,500 da suka kamu a 2015. Ɗakunan awo, ciki har da cibiyar CERMES ta Yamai, su suka tabbatar cewa dangin ya sauya. Ba don su ba da an ci gaba da rigakafin da bai dace ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kare mutum daga rukuni biyar.

Madubi ma da iyakarsa. Ba a ganin ƙwayar tarin fuka a majina sai yawanta ya kai dubbai a kowace mililita. Renon bakteriya a faranti yakan ci kwana ɗaya zuwa uku, na tarin fuka kuwa har mako shida zuwa takwas. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ta rage wannan jira zuwa kimanin sa'a biyu. Sai dai dukkansu suna buƙatar a kawo musu samfur, samfur kuwa ba ya samuwa sai an san inda za a ɗebo shi. Ga kuma gwajin Widal na 1896, wanda har yanzu shi ne ruwan dare a ƙananan ɗakunan awo. Shi ba ƙwayar taifot yake gani ba, martanin jini yake aunawa, don haka yakan nuna akwai ciwo a jikin wanda ya daɗe da warkewa ko mai maleriya. Daga nan "taifot da maleriya" ta zama amsar kusan kowane zazzaɓi, kafso kuma ya zama abin saye a kemis da tiren 'yan talla. Kowane kafso da aka sha ba bisa ƙa'ida ba horo ne ga ƙwayoyin cuta. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Hoto da inuwa

Tambayar "ina" ta fara samun amsa ran 8 ga Nuwamba, 1895, da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya bar inuwar ƙashi. Hoton ƙirji ya zama abokin madubi wajen tarin fuka, hoton ƙashi kuma ya shiga harkar da a da ta maɗori ce shi kaɗai. Daga baya sikanin, da CT, da MRI suka biyo, wasunsu kuma sun iso manyan asibitocin Birnin Kebbi da Sakkwato. Amma dukkan waɗannan siffa suke nunawa. Ruɓewar ƙashi ba ta bayyana a hoton ƙashi sai bayan kwana goma zuwa mako biyu, lokacin da ɓarna ta riga ta yi nisa. Inuwa a huhu tana iya zama tarin fuka mai rai, ko tabon wanda ya warke, ko ciwon daji.

Misali mafi kusa da gida shi ne na masu sikila, wadda ake haihuwar yara kimanin 150,000 da ita a Najeriya kowace shekara. Yaro ya zo da zazzaɓi da kumburin ƙafa da ciwon ƙashi mai tsanani. Yana yiwuwa jini ne ya toshe, abin da ke buƙatar ruwa da maganin raɗaɗi. Yana yiwuwa kuma bakteriya ce ta shiga ɓargo, abin da ke buƙatar makonni ana shan magani, wani lokaci har da tiyata. Tun 1960 Ralph Hendrickse da Patrick Collard suka bayyana a Ibadan yadda ƙwayar Salmonela ke cin ƙashin yaran Najeriya, musamman masu sikila. Har yau raba waɗannan biyu a kwanakin farko yana da wuya. Haka abin yake ga ƙafar mai ciwon suga, da ƙarfen da aka sa wa wanda ya karye a haɗarin babur, da tarin fukan ƙashin baya mai jawo ƙusumbi.

Bin sawu

Dabarar da ake fatan ta cike wannan giɓi ta samo asali daga George de Hevesy, masanin sinadarai ɗan Hungari. Wasu sinadarai suna fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira radiyeshin, amma na'ura tana jin sa. Hevesy ya lura cewa in aka gauraya ɗan kaɗan na irin wannan da wani abu, ana iya bin sawun abin duk inda ya shiga, kamar yadda makiyayi ke jin ƙararrawar da ya rataya wa dabba. Ana ba da labarin cewa a Manchesta ya taɓa yayyafa irin wannan sinadari a sauran naman da ya rage, bayan kwanaki na'urarsa ta nuna masa shi a sabon girkin mai masaukinsa. A 1923 ya bi sawun dalma a jikin shukar wake, aka kuma ba shi kyautar Nobel ta 1943.

Likitanci ya karɓi dabarar da aka sami sinadaran da suka dace da jikin mutum. Babbansu shi ne teknitiyom-99m, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan sa'a shida. A 1958 ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka ya ƙera tukunyar da ake tatsarsa daga gare ta a asibiti, a daidai lokacin da Hal Anger ya ƙera kyamarar da ke ɗaukar hoton haskensa daga wajen jiki. A farkon shekarun 1970 aka lura galiyom-67 na taruwa a inda mugunya take. A 1976 John McAfee da Mathew Thakur suka nuna yadda za a ɗebi fararen ƙwayoyin jinin majiyyaci, a sa musu alama, a mayar da su jiki, a ga inda suka yi dafifi. A wannan shekarar dai aka fara gwada FDG a jikin mutum, wato sukari mai ɗauke da fulorin-18, wanda na'urar PET ke gani.

Waɗannan su ne ake amfani da su yau da kullum har yanzu, kuma aibinsu ɗaya ne: dakarun jiki suke bi, ba ɓarawon ba. Fararen ƙwayoyin jini suna taruwa a sabon ɗinki, a karaya, a amosanin gaɓɓai, ko da babu bakteriya ko ɗaya. Sukarin FDG kuwa ciwon daji ma yana shan sa. A shekarun 1990 masana a asibitin St Bartholomew na Landan suka rataya teknitiyom a jikin maganin sifurofulokzasin, da tunanin cewa maganin zai je ya manne wa ƙwayar kanta. An gwada shi a kan majiyyata fiye da 800 a ƙasashe da dama, sakamakon farko ya yi kyau, amma binciken da ya biyo baya ya nuna yana taruwa har a kumburin da babu ƙwaya. Wannan darasi ya nuna muhimmancin tsaurara gwajin ɗakin bincike kafin a je ga mutum.

Sabon salon shi ne a nemi abincin da bakteriya ke ci wanda ƙwayoyin jikin mutum ba sa ci. A Jami'ar Johns Hopkins, rukunin Sanjay Jain ya wallafa a 2014 cewa sukarin sobitol mai fulorin-18 yana shiga dangin bakteriyar hanji, irin su Ikolai da Kilebsiyela, a 2021 kuma suka ba da rahoton gwajinsa a majiyyata 26. Wasu sun bi ta maltos, sukarin da ke sa tsiron hatsi zaƙi, domin bakteriya na da ƙofa ta musamman ta shigar da shi. Wasu sun bi ta folik asid: mutum a abinci yake samun sa, ko a ƙaramar ƙwayar da ake ba mata wajen awon ciki, bakteriya kuwa da kanta take haɗa shi daga wani sinadari mai suna PABA, don haka in aka sa wa PABA alama, ita za ta haɗiye. A San Faransisko an yi amfani da tubalan da bakteriya ke gina bangonta da su, waɗanda siffarsu kishiyar ta jikin mutum ce kamar hannun dama da na hagu. A Insburuk ta Ostiriya an yaudari ƙwayar ta hanyar ƙugiyoyin da take jefawa don kamo sinadarin ƙarfe, aka maye ƙarfen da galiyom-68. A Firitoriya ta Afirka ta Kudu, Mike Sathekge da abokan aikinsa sun gwada wani guntun furotin mai suna yubikwisidin, mai manne wa fatar bakteriya, har a jikin majiyyata.

Yadda ake gwajin

Matakan wannan aiki sanannu ne. Da farko a haɗa sinadarin a rataya masa alamar, a tabbatar kashi 95 cikin 100 ko fiye na hasken yana manne da shi. Sai a zuba shi a ruwan jini a zafin jikin mutum, digiri 37, a ga ko zai jure. Wasu dogayen sukarin dangin maltos a nan suka faɗi, domin jini na da sinadaran da ke daddatsa su kafin su isa inda aka aike su.

Mataki na biyu shi ne a ba wa bakteriya. Ana rena ta a ruwan abinci, a zuba sinadarin, a jira mintoci ko sa'o'i, a juya kwalbar a na'ura har ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, a wanke su, a auna hasken da ya rage a jikinsu, a raba da yawansu. Wannan adadi shi kaɗai ba hujja ba ne sai an kafa masa shaidu uku. Shaida ta farko ƙwayoyin da aka kashe da zafi: in su ma sun ɗauka, to mannewa kawai sinadarin yake yi, ba cin sa ake yi ba. Ta biyu a cika kwalbar da irin sinadarin marar alama: in hasken ya ragu, to ta ƙofa ɗaya suke shiga, ƙofar kuma ta gaske ce. Ta uku a ba wa ƙwayoyin jikin mutum, musamman fararen ƙwayoyin jini: ana so su ƙi ɗauka. Daga nan a maimaita da nau'o'i da yawa, har da waɗanda aka samo daga majiyyata da masu bijire wa magani. Akan gwada kuma a cikin sukari mai yawa, domin ƙwayar da ta ƙoshi da gulukos takan rufe sauran ƙofofinta, da kuma a kan yauƙin da bakteriya ke shimfiɗawa a jikin ƙarfe, inda take lafewa ta rage ci.

Wanda ya tsallake wannan sai a kai shi ga ɓera, da izinin kwamitin ɗa'a. Ana sa ƙwaya mai rai a cinya ɗaya, matacciya a ɗayar, duka biyun su kumbura. Sinadari nagari zai haska cinya ɗaya kawai, hasken kuma ya dushe in an ba da maganin da ya dace, ya tsaya in ƙwayar ta bijire. Bayan an auna yawan radiyeshin da ƙoda da hanta da mafitsara za su ɗauka, sannan a nemi izinin gwadawa a mutum. Kaɗan ne suka kai wannan matsayi, kuma babu wanda ke kama dukkan dangin bakteriya. Sobitol, alal misali, ba ya ganin Sitafilokokus, wadda ita ce kan gaba wajen kawo maruru da ruɓewar ƙashi.

Nisa da lokaci

A Najeriya, sashen likitancin nukiliya na asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyarsa a 2006 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, akwai kuma wani a Asibitin Ƙasa na Abuja. Na'urar PET ta fara aiki a Legas a farkon shekarun 2020. Zariya na da tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, tun 2004, amma ƙarfinta kilowat 30 ne, an yi ta don nazarin sinadarai da koyarwa. A Yamai, kusan kilomita 300 daga Gaya, Jami'ar Abdu Mumuni na da cibiyar sinadaran radiyeshin mai sashen likitanci, wadda ta fi Ibadan kusa da mutumin Kamba. Nijar na haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, amma teknitiyom ɗin asibitocin yankin daga waje ake kawo shi, daga Turai ko Afirka ta Kudu.

Abin da ke yanke hukunci a nan shi ne gajeren ran sinadaran. Fulorin-18 na raguwa da rabi duk minti 110, don haka bayan tafiyar sa'a 11 a mota kashi ɗaya cikin 64 ne zai rage. Kabon-11 minti 20 ne, ba ya barin harabar da aka haɗa shi. Tukunyar teknitiyom takan yi mako ɗaya zuwa biyu tana ba da amfani. Ta galiyom-68 kuwa, da yake uwar da ke haifar da shi na ɗaukar kwana 271 kafin ta ragu da rabi, takan yi watanni a asibiti ba tare da babbar na'urar haɗa sinadari ba. Wannan ne ya sa masu bincike a Afirka ta Kudu suka karkata ga galiyom da ƙananan kwalabe da ake haɗawa nan take.

A halin yanzu, mai ciwon ƙashi mai zurfi a Kamba ko Bagudo yakan fara da maɗori ko wanzami, ya biya ta kemis, ya je babban asibitin garinsu a yi masa awon jini da hoto, in abin ya faskara a tura shi Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A can, hanyar tabbatarwa ita ce likita ya kai allura ko wuƙa wurin, ya ɗebo mugunya, a rene ta a faranti, a gwada mata magunguna. Sinadaran bin sawu masu kama ƙwayar kanta suna matakin gwaji ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro su. Isowarsu Sakkwato ko Yamai ya rataya ne a kan abu uku: sinadarin da zai jure tafiya, kyamara da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikatan da suka san haɗawa da karanta hoton.